Misawa da Kawada, 3 ga Yunin 1994: me ya sa ake ta zuzuta wannan karawa?

Tambaya: Malam, na daɗe ina kallon resilin na Amurka. Wani abokina ya matsa mini in kalli karawar Mitsuharu Misawa da Toshiaki Kawada ta 1994, wai babu irinta. Na kalla, amma mintunan farko sun gundure ni, ga shi ba na jin Japananci. Me ake gani a cikinta da ni ban gani ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba laifinka ba ne. Ka shiga labari ne daga tsakiya, su kuwa 'yan kallon da suka cika zauren Nippon Budokan na Tokyo a daren sun shekara huɗu suna bin sa.

An yi karawar ne a ƙarƙashin kamfanin All Japan Pro Wrestling na Giant Baba, a kan kambun Triple Crown, wato bel uku da Jumbo Tsuruta ya haɗe wuri guda a 1989. Misawa, mai koren wando da fari, shi ke riƙe da kambun tun Agustan 1992 da ya ƙwace shi daga hannun Stan Hansen. Kawada, mai baƙi da rawaya, ƙaninsa ne a makarantar sakandare ɗaya a Ashikaga, aji ɗaya ne tsakaninsu, kuma a Japan wannan tazarar ba ta gogewa har tsufa. A 1990, lokacin da Misawa ya yar da abin rufe fuskarsa na Tiger Mask a tsakiyar wasa, Kawada ne ya kwance masa igiyar. Ya zauna a matsayin na hannun damansa har 1993, sannan ya ɓalle ya haɗe da Akira Taue. Sau biyu ya nemi kambun a hannun Misawa, a Oktoban 1992 da Yulin 1993, duka ya sha kaye. A 1994 ya lashe gasar Champion Carnival, shi ne ya samu dama ta uku. Kuma bai taɓa danne kafaɗun Misawa an ƙirga uku ba, ko sau ɗaya.

Kamar kowane resilin, a nan ma an san wanda zai ci tun kafin a hau dandamali. Dukan ne dai na gaske. Tsarin Baba a shekarun nan shi ne a yi wasa a gama shi tsaf: babu mai shigowa daga waje ya ɓata, ba a kashe wasa da kujera, babu dogon surutu da makirfo. Saboda haka rashin jin yaren bai rage ka da komai ba, labarin duka yana jikinsu.

To, waɗancan mintunan da suka gundure ka. Koma ka kalle su, idonka a kan abu biyu. Na farko kunnen Misawa. Kawada ɗan shuri ne, yana ta auna kai da wuya, har kunnen ya fashe jini na bin gefen wuyan. Na biyu gwiwar Kawada ta hagu. Wannan gwiwar ce ta ci amanarsa a Disamban 1993, a wasan ƙarshe na gasar 'yan bibbiyu, inda Misawa da Kenta Kobashi suka doke shi da Taue. Misawa ba mutum ne mai bin ciwon abokin karawa ba, da gwiwar hannu yake cin kasuwarsa. Amma a nan, da wuta ta yi wuta, sai ya kai wa ƙafar shuri, Kawada ya zube yana riƙe da ita. Ka saurari yadda zauren ya ɗauki guna-guni. Sun gane cewa zakara ya ji jiki har ya sauko ya yi abin da bai saba ba, kuma a kan ƙaninsa. A ganina nan ne wasan ya kafu.

Daga nan ka bi Kawada da ido, don shi ne gwanin daren. Bai manta da ƙafar ba. Idan ya yi shuri da ita sai ya ɗan dafe ta kafin ya ci gaba, idan an buge shi kuma ba ya faɗuwa nan take: yakan yi taku ɗaya ko biyu, ido ya juye, sannan ya sulale ya zauna daɓas. Babban makaminsa fawabom ne, ya cusa kan mutum tsakanin cinyoyinsa, ya ɗaga shi sama ya maka bayansa da ƙasa, sannan ya kife a kansa da dukan nauyinsa. Lura da yadda ya sha wahala kafin ya samu yin sa. Misawa yana nauyaya jiki, yana durƙusawa, yana ture shi. Shi ya sa da fawabom ɗin ya shiga, alƙalin wasa Kyohei Wada ya buga ɗaya, ya buga biyu, Misawa ya ɗaga kafaɗa, sai zauren ya rikice. An sa musu rai tun da daɗewa. Yawancin masu kwaikwayon wannan salo a yau a nan suke kuskure: suna jera manyan kaye goma cikin minti biyar ba tare da an yi gumi a kan ko ɗaya ba, sai tashin da aka yi daga gare su ya zama ba shi da daraja.

Akwai wani ɗan abu da masu kallon farko kan wuce. Bayan Kawada ya wurga shi ta baya ya faɗi a kan wuya, Misawa ya mirgina ya fice ƙasan dandamali. Dabara ce, domin ba a danne mutum a ƙirga masa uku a waje. Kafin Kawada ya jawo shi ciki ya sake yi masa fawabom, ya samu 'yan daƙiƙun da zai dawo hayyacinsa, ya kuwa sake tashi a biyu. Kawada ya koma maƙurar da ake kira Stretch Plum, ita ma ba ta biya ba. Daga nan makamansa sun ƙare, kuma kana iya ganin haka a fuskarsa.

Ƙarshen ya zo a minti 35 da daƙiƙa 50. Misawa ya yi ta narka masa gwiwar hannu, ya yi masa jifa ta baya, Kawada ya ƙi kwanciya, yana ta kai shuri ko tsayuwar kirki ba ya iyawa. Sai Misawa ya ɗauko Tiger Driver '91, kayen da ba kasafai yake fito da shi ba: ya sarƙe hannayen Kawada biyu ta baya, ya ɗaga shi kai a ƙasa, ya sake shi a kan wuya da kafaɗa. Ma'anarsa ita ce duk abin da ya saba cin mutane da shi bai ishi Kawada ba.

Wannan kayen ne kuma abin da ban so a wasan ba. Bayansa aka shiga gasar jefa juna a kan kai, kowace shekara sai an ƙara, kuma wuyan Misawa ya biya kuɗin. Ya rasu a ranar 13 ga Yunin 2009 a Hiroshima, yana da shekara 46, bayan an jefa shi ta baya a tsakiyar wasa. Kada wani yaro ya gwada wannan a kan ɗan'uwansa, ko a kan katifa ne.

Shawarata, fara da wasan 3 ga Disamban 1993 don ka ga asalin ciwon gwiwar, sannan ka maimaita na Yunin 1994. Daga shi ka wuce na 9 ga Yunin 1995, Misawa da Kobashi a gefe guda, Kawada da Taue a ɗaya, inda Kawada ya danne Misawa karon farko. Kambun kuwa bai karɓe shi daga hannun Misawa ba sai 1 ga Mayun 1998, a Tokyo Dome.