Bindiga ɗaya don zabo, zomo da gada

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin bindiga ɗaya kake da shi, kana so ta yi maka farautar tsuntsu da ta dabba. Shawarata, nemi mai baki biyu, lamba 12 (wato ma'aunin faɗin bakinta), mai tsawon baki inci 28.

Ba don ta fi kyau nake zaɓarta ba, sai don harsashinta ya fi samuwa, kuma da canza harsashi kawai sai ta canza aiki. Kurciya da fakara, harsashi mai ƙwayoyi lamba 7 ko 6 (lambar girman ƙwaya ce: in lamba ta ƙaru, ƙwaya ta ƙanƙance). Zabo da zomo, lamba 4 ta fi, don gashin zabo yana da kauri, ƙananan ƙwayoyi sukan raunata shi ya tsere cikin ciyawa ya mutu a banza. Wannan yana ci mini rai matuƙa. Gada kuwa sai manyan ƙwayoyi, irin AAA ko SSG.

Ga abin da na fi so a jikinta: yawanci bakin dama a buɗe yake, yana watsa ƙwayoyi, na hagu kuma matsattse ne. Zabo ya tashi kusa, ka danna na dama. In ya yi nisa, na hagu na jiransa. Amma kada ka wuce mita 35 zuwa 40.

Kafin ka biya, buɗe ta ta wurin sa harsashi ka leƙa cikin bakin a hasken rana, ka duba tsatsa ko kumburi. Ka karanta abin da aka buga a ƙarfen: in 70 ne, wato tsawon gidan harsashinta milimita 70 ne, kada ka cusa mata harsashi mai tsawon milimita 76.

Sannan lasisin 'yan sanda tukuna, kafin ta shigo gidanka.