Ku Tambaya Mu Amsa: Wai majalisar Amurka za ta iya maido wa Taiwan matsayinta na ƙasa?

Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa a kan Taiwan ne, to sai na tara su wuri guda na zaɓi biyar, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

Tambaya: Malam salamu alaikum, ni ɗalibi ne. Na ga ana ta yaɗawa a Facebook wai 'yan majalisar Amurka sun kai ƙudiri a maido hulɗar jakadanci da Taiwan. Kalmar "maido" ɗin nan ce ta ɗaure min kai, dama can akwai hulɗar ne aka yanke?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙwarai kuwa akwai, kuma ba ƙarama ba. Bayan yaƙin basasar ƙasar Sin, Mao Zedong da 'yan kwaminis suka kafa gwamnati a Beijing ranar 1 ga Oktoban 1949, shi kuma Chiang Kai-shek da ya sha kaye ya kwashi sojojinsa da jam'iyyarsa ta Kuomintang ya tsallaka teku zuwa tsibirin Taiwan, ya zauna a Taipei yana cewa har gobe shi ne halastaccen shugaban Sin gaba ɗayanta. Kaga gwamnati biyu kenan kowacce na cewa ita ce Sin. Amurka ta riƙe ta Taipei kusan shekara 30, da ofishin jakadancinta a can, da yarjejeniyar tsaro ta 1954, kai har kujerar Sin a kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mutanen Chiang ne a kai har 1971.

Abin da ya juya lamarin shi ne yaƙin cacar baka. Beijing da Mosko sun ɓata, Amurka ta ga dama ce ta samu ta jawo Sin gefenta don ta matse Tarayyar Sobiyet, Henry Kissinger, mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, ya je Beijing a ɓoye a Yulin 1971, Shugaba Nixon ya bi baya a Fabrairun 1972, sannan ranar 15 ga Disamban 1978 shugaban Amurka na lokacin, Jimmy Carter, ya fito ya ce daga 1 ga Janairun 1979 gwamnatin Beijing ce kaɗai Amurka ta amince da ita a matsayin gwamnatin Sin. Shugaban Taiwan na lokacin, Chiang Ching-kuo, ɗan Chiang Kai-shek, cikin dare aka tashe shi aka faɗa masa, sa'o'i kaɗan kafin duniya ta ji. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na ji wani iri, abokin shekara 30 a sallame shi haka.

Shi ƙudirin da ka gani na wani ɗan majalisar wakilai ne, Tom Tiffany daga jihar Wisconsin, ɗan jam'iyyar Republican, ya fara kai shi a 2020, ya sake a 2021 tare da Scott Perry na Pennsylvania, ya sake a 2023 da 2025. Abin da yake nema: a jingine manufar "Sin ɗaya ce", a maido jakadu tsakanin Washington da Taipei, a ƙulla yarjejeniyar cinikayya, a kuma goya wa Taiwan baya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya da sauran ƙungiyoyin duniya.

Tambaya: Malam ina karatun shari'a ne. In majalisar ta amince da ƙudirin, shikenan ya zama doka dole shugaban ƙasa ya bi?

Amsa: A'a 'yar'uwa, kuma tambayarki ita ce zuciyar maganar. Irin wannan ƙudirin na bayyana ra'ayin majalisa ne kawai, ko da majalisun biyu sun amince ba a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu, ba shi da ƙarfin doka. Shi ya sa kike ganin ana ta sake kai shi, duk majalisar da wa'adinta na shekara 2 ya ƙare ƙudirin da bai wuce ba sai ya mutu tare da ita, sabuwa ta zo a sake daga farko.

To ko da doka ce sukutum suka yi, akwai katanga a gabansu. A 2015 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Zivotofsky, wadda ma ba ta Taiwan ba ce, ta wani yaro ce Ba'amurke da aka haifa a birnin Ƙudus iyayensa suka nemi a rubuta Isra'ila a fasfonsa bisa wata doka da majalisa ta yi a 2002. Kotu ta ce amincewa da wata ƙasa ko wata gwamnati ikon shugaban ƙasa ne shi kaɗai, majalisa ba ta da hurumin tilasta masa. Tun kafin nan ma, a 1979, Sanata Barry Goldwater da wasu abokan aikinsa sun kai Carter kotu don ya soke yarjejeniyar tsaron Taiwan bai tambayi majalisar dattawa ba, kotun ƙoli ta yi watsi da ƙarar.

Amma kar ki ɗauka majalisar ba ta da haƙori, tana da shi, a wani wuri yake. Da Carter ya yanke hulɗa, 'yan majalisa na jam'iyyun biyu suka fusata don ba a shawarce su ba, suka zauna suka rubuta dokar hulɗa da Taiwan wadda ya sa wa hannu 10 ga Afrilun 1979, kuma har yau ita ce ginshiƙin komai. Dokar ta ce Amurka za ta ci gaba da sayar wa Taiwan makaman kare kai, kuma duk yunƙurin yanke makomar tsibirin ta hanyar da ba ta lumana ba, ko da ta takunkumi ce ko ƙaurace wa kaya, abin damuwa ne babba a wajenta. Ba ta ce za ta tura soja ba, ba ta kuma ce ba za ta tura ba, da gangan aka bar wurin a dunƙule don Beijing ta yi shakkar kai hari, ita ma Taipei ta yi shakkar yin gaban kanta. A ƙarƙashin dokar ne aka buɗe wata cibiya a Taipei mai suna AIT, a takarda ba ta gwamnati ba ce amma biza take bayarwa, ma'aikatan diflomasiyya ne a ciki, komai na ofishin jakadanci tana yi sai sunan ne babu. Daga baya aka ƙara dokar 2018 da ta ƙarfafa ziyarar manyan jami'ai tsakanin ɓangarorin biyu, da dokar TAIPEI ta 2020 mai neman taimaka wa Taiwan ta riƙe ƙawayen da suka rage mata. Ni a ganina waɗannan dokokin da ba su da amo sun fi wancan ƙudirin mai yawo a Facebook tasiri nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ƙasashe nawa ne suka yarda Taiwan ƙasa ce, kuma akwai na Afirka?

Amsa: Bayan Honduras ta juya a 2023 da Nauru a Janairun 2024, lissafin ya sauko 12, galibi ƙanana ne irin su Belize da Haiti da Palau da Tuvalu, manyan cikinsu su ne Guatemala da Paraguay, sai fadar Vatican a Turai. A Afirka Eswatini ce kaɗai ta rage tun da Burkina Faso ta koma Beijing a 2018. Da can da yawa ne, Nijar ma ta riƙe Taipei daga 1992 zuwa 1996, Gambiya ta rabu da ita a 2013. Sharaɗin Beijing ɗaya ne, ba ka haɗa jakadanta da na Taipei a gidanka.

Tambaya: Yaro, ni dattijo ne na daɗe ina sauraren rediyo. Wannan duk tsokana ce ta Amurka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta gama magana tun 1971 cewa Taiwan ta Sin ce, me kuma ake nema?

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya, ina gaisuwa. Maganar tsokana ba zan musa muku ba, cikin masu tura irin wannan ƙudirin akwai waɗanda ba son Taiwan ne ya dame su ba, hamayya da Beijing ce da siyasar cikin gida, a nuna wa masu zaɓe cewa ba a tsoron Sin. Kuma hujjar Beijing ba ta banza ba ce: daular Qing ta mulki tsibirin sama da shekara 200 kafin Japan ta ƙwace shi a 1895, sanarwar Alƙahira ta 1943, wadda shugabannin Amurka da Birtaniya da Sin suka fitar lokacin yaƙin duniya na biyu, ta ce a mayar wa Sin da shi bayan yaƙi, sunan gwamnatin Taipei a hukumance har yau Jamhuriyar Sin ne, kuma duk wanda ya san yadda Turawa da Japan suka yi ta yagar ƙasar Sin zai gane me ya sa maganar ke taɓa musu zuciya.

Sai dai a kan 1971 ɗin nan, da izininku zan ɗan yi gyara. Ƙudiri mai lamba 2758 ne, ranar 25 ga Oktoba, ƙuri'a 76 na goyon baya, 35 na adawa, 17 suka ƙaurace, ƙasashen Afirka da dama suna cikin 76 ɗin. Abin da aka rubuta a ciki shi ne wakilan gwamnatin Beijing ne kaɗai halastattun wakilan Sin a majalisar, a kuma kori wakilan Chiang Kai-shek. Kalmar Taiwan ba ta fito a ciki ba ko sau ɗaya. Beijing na cewa tunda Taiwan yankin Sin ne ai ba sai an ambata ba, maganar ta rufu, wasu kuma na cewa kujera aka yanke hukunci a kanta ba mallakar tsibiri ba, kuma a kan wannan ne a 2024 majalisar dattawan Ostireliya da majalisar wakilan Holand da majalisar Tarayyar Turai da ta Birtaniya suka zartar da nasu ƙudirorin suna cewa 2758 bai yanke matsayin Taiwan ba. Su ma fa ba su ce a ƙulla hulɗar jakadanci ba, gwamnatocinsu suna nan da jakadunsu a Beijing.

Ita kanta Amurka a takardar ƙulla hulɗa da Beijing ta 1979 kalma biyu daban ta yi amfani da su. Game da gwamnatin Beijing ta ce ta amince ita ce gwamnatin Sin, game da cewa Taiwan yankin Sin ne kuwa sai ta ce ta san wannan shi ne matsayin Sinawa. Baba kun fi ni sanin tazarar da ke tsakanin "na ji" da "na yarda", to a cikin wannan tazarar aka zauna shekara 40 da ɗoriya ba a yi yaƙi ba. Sannan akwai abin da ba ya cikin kowace takarda: gwamnatin kwaminis ta Beijing ba ta taɓa mulkar Taiwan ba ko na yini guda tun 1949.

Tambaya: Malam su mutanen Taiwan ɗin fa, an tambaye su kuwa? Kai meye ra'ayinka?

Amsa: Madalla da ke 'yar'uwa, wannan ita ce tambayar da na fi so a yi. Mutum kusan miliyan 23 ne, da kuɗinsu da sojansu da fasfonsu da kotunansu, sun sha mulkin dokar soja daga 1949 har 1987 a hannun Kuomintang, an ɗaure wasu an kashe wasu, suka yi ta fafutuka har suka fara zaɓen shugaban ƙasa da hannunsu a 1996, kuma tun daga nan mulki ya sha canza hannu tsakanin jam'iyyu ba tare da an zubar da jini ba. Kamfaninsu TSMC shi ke ƙera mafi yawan ƙananan na'urorin nan mafiya inganci da ke cikin waya da kwamfuta. Amma a gasar Olympics ba sa shiga da tutarsu sai da sunan Chinese Taipei, a taron Hukumar Lafiya ta Duniya kuma kujerar 'yan kallo ma da suka samu daga 2009 zuwa 2016 an daina gayyatarsu, har annobar korona ta zo ta wuce suna waje. Wannan ni yana min ciwo, cuta ba ta tambayar fasfo.

To amma binciken jin ra'ayi da jami'ar Chengchi ta Taipei ta daɗe tana yi yana nuna mafi yawansu sun fi son a bar abin yadda yake a yanzu, ba sa son haɗewa da Beijing, ba sa kuma son a yi shelar 'yanci gobe da safe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sun san dokar da Beijing ta yi a 2005 wadda ta ba ta damar amfani da ƙarfi in tsibirin ya ɓalle, sun san a wuri mafi ƙunci kilomita 130 ne kawai tsakaninsu da gaɓar Sin. Shugaba Lai Ching-te da ya hau mulki a Mayun 2024, duk da jam'iyyarsa ta DPP ce Beijing ta fi tsana, matsayinsa shi ne Taiwan dama ƙasa ce mai cin gashin kanta don haka ba sai an yi wata sabuwar shela ba.

Ra'ayina kenan a kan ƙudirin Tiffany: abin da yake faɗa game da mutanen nan gaskiya ne, sun cancanci a kira su da sunansu, amma bai kamata ɗan majalisa daga Wisconsin ya riga malam masallaci ba, don in abin ya ɓaci kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Mun ga samfurinsa. Lithuania ta bari an buɗe ofishi da sunan Taiwan a Vilnius, babban birninta, a 2021, Beijing ta rage matsayin hulɗa da ita ta toshe mata kaya. Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka ta lokacin, ta sauka Taipei ranar 2 ga Agustan 2022 ta kwana ɗaya ta tashi, bayan tafiyarta Sin ta zagaye tsibirin da atisayen soja, ta harba makamai masu linzami wasu suka bi ta samansa, tun ma kafin Pelosi ta tashi Sin ta hana shigo da lemo da wasu nau'in kifi daga Taiwan, manoma da masunta ne suka kwana da kayansu a hannu. Ziyara ce fa kawai ta shugabar majalisa, ba a kai ga maganar jakada ba.