Amsa: Shin yawun jariri zai iya maye gurbin jini wajen auna magani?

'Yar'uwa, kin tambaya ko likitoci za su iya auna yawan maganin da ke jikin jaririnki ta yawunsa, a daina yawan soka masa allura ana ɗibar jini. Za a iya, amma ga wasu magunguna kawai.

Damuwarki tana da tushe, domin jaririn da aka haifa bakwaini mai nauyin kilo 1 ba shi da jinin da ya wuce mililita 100, saboda haka ɗiba kaɗan-kaɗan kullum tana iya jawo masa ƙarancin jini, ban da zafin da yake sha.

Abin da ke shiga yawu shi ne ɓangaren maganin da bai manne da sinadarin furotin na jini ba, kuma shi ne ɓangaren da ke aiki a jiki. Kafeyin, wanda ake ba bakwaini idan numfashinsu yana ɗaukewa, yana ratsawa cikin yawu sosai, haka ma phenobarbital na farfaɗiya. Gentamicin kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ya ratsawa da sauƙi, don haka har yanzu jini ake dogara da shi.

Akwai kuma cikas na zahiri: yawun bakwaini kaɗan ne, sannan ragowar nono ko maganin da aka ɗiga masa a baki tana iya ɓata sakamakon. A ganina, ki tambayi likitansa wane magani ake aunawa, kuma ko za a iya haɗa gwaje-gwajen a ɗiba ɗaya.