Amsa: Yadda za a ɗauki fim ɗin labarin Du Shiniang

Malam, ka tambayi inda wannan labari na marubucin ƙasar Sin Feng Menglong, na 1624, zai fi ba ka wahala wajen mai da shi fim. Akwatin da Du Shiniang, karuwar da labarin yake a kanta, ta ɓoye dukiyarta a ciki ne. Tun daga Beijin nuna shi a kulle, domin in mai kallo ya leƙa cikinsa da wuri, ƙarshen fim ɗin ya mutu.

An fanshe ta daga gidan karuwai da azurfa awo 300, amma masoyinta Li Jia ya sayar da ita ga Sun Fu, ɗan fataucin gishiri, a kan 1,000. A mashigar jiragen ruwa ta Guazhou, sa'ad da take jawo durowar akwatin ɗaya bayan ɗaya tana watsa lu'ulu'u cikin kogi, kyamara ta riƙa komawa fuskar Li Jia. Kada ka mai da shi mugu tun farko. Rago ne, tsoron ubansa ya ci shi.