Amsa ga ƙanwarmu da manaja ta kira kan gardamar Kate Forbes

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce gardama ta kaure a ɗakin hutun ma'aikata kan naɗa Kate Forbes mataimakiyar shugaban gwamnatin Scotland da aka yi a watan Mayun 2024, wasu suna cewa mace ce mai ƙyamar masu neman jinsi ɗaya don haka muƙamin bai dace da ita ba, sai aka juyo kanki aka ce tunda ke Musulma ce ki faɗi naki ra'ayin. Kin faɗa, yanzu kuma ga imel daga manaja tana son ganinki, kina tambayar abin yi. Wallahi tun da na karanta saƙonki hankalina bai kwanta ba, domin abin da ya same ni ke nan a 2023, a kan sunan wannan matar, kuma a irin aikin da kike yi na kula da tsofaffi.

Abu na farko, kada ki amsa imel ɗin nan da dogon bayani, ko na kare kai ko na ban haƙuri. Ki tambaye ta cikin ladabi, a rubuce, wane irin zama ne za a yi, na bincike ne ko na ladabtarwa, kuma mece ce ainihin maganar da aka ce kin faɗa. Sannan ki ɗauki takarda tun yau ki rubuta abin da kika tuna, wa ya fara magana, wa ya tambaye ki, su wa ke zaune a wurin, domin nan da mako guda tsoro zai cakuɗa miki komai.

Nawa ya faru ne bayan Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Scotland a lokacin, ta sanar da ajiye mulki a watan Fabrairun 2023, lokacin da Forbes da Humza Yousaf da Ash Regan suka fito takarar shugabancin SNP, jam'iyyar da ke mulkin Scotland a lokacin. Kowa a wannan zaure ya tuna yadda Forbes ta gaya wa 'yan jarida cewa da tana majalisa a 2014 da ba ta goyi bayan dokar auren jinsi ba saboda addininta na Kirista, amma idan ta ci zaɓe ba za ta taɓa dokar ba, kuma kafin a kwana biyu manyan magoya bayanta suka fara zamewa. Daga nan aka tono maganar Yousaf, wanda Musulmi ne, aka ce shi ma ai ba ya zauren majalisa ranar 4 ga Fabrairun 2014 da aka zartar da dokar da ƙuri'a 105 kan 18. Shi ya ce yana ganawa da jami'in diflomasiyyar Pakistan kan wani mazaunin Scotland da aka yanke wa hukuncin kisa a can, kuma ya goyi bayan ƙudurin a matakin farko. Tsohon minista Alex Neil kuma ya ce matsin lambar masallaci ce ta sa ya kauce, zargin da Yousaf ya musanta. To da sunan masallaci ya shigo cikin maganar, duk mai ɗankwali a wurin aiki sai ta zama abin tambaya.

Muna aikin dare ne, wajen ƙarfe uku, mun gama juya waɗanda ba sa iya juya kansu, muka zauna shan shayi. Babbar ma'aikaciyar da ke jagorantar dutinmu tana ɓare lemo, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce da ni, ke da kike salla a ɗakin ajiyar zannuwa, gaya mana gaskiya, Humza ƙarya yake yi ko kuwa addininku ya yarda da wannan aure. Na ce mata ni ban san zuciyar Humza ba, addinina dai bai halatta shi ba, kamar yadda cocin Forbes bai halatta ba, amma dokar ƙasar nan doka ce, kuma babu wanda zan ƙi kula da shi ko na wulaƙanta saboda wanda ya aura. Iyakar abin da na faɗa ke nan, Allah ne shaidata. Ta yi murmushi, ta miƙo mini ɓarin lemon, na karɓa na sha.

Wannan murmushin ne har yau ya kasa fita daga raina. Matar nan na karɓar mata aikin ranar Kirsimeti don ta zauna da jikokinta, na ce mata ni ba bikina ba ne, ta je ta huta. Da mahaifiyarta ta kwanta asibiti ni nake tsayawa bayan lokacina ya cika har ta iso, ban taɓa rubuta shi a takardar ƙarin lokaci ba. Dambun naman da aka aiko mini daga gida tare muka ci shi a kan teburin nan. Amma ita ce ta zauna ta rubuta wa manaja cewa na ce masu auren jinsi abin ƙyama ne, kuma tana shakkar a bar ni da tsofaffin da ke da irin wannan rayuwa. Kalmar ƙyama ba ta fito daga bakina ba. Har ta ƙara da cewa a ƙasata ɗaurin shekara 14 ake yi musu, kamar ni ce na sa hannu a dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014. Ita ta yi tambayar, ita ta ji amsar, ita ta sake mata kama, kuma da safe ta gaishe ni kamar kullum. Na yafe wa mutane da yawa a ƙasar nan, waɗanda suka yi mini ihu a bas da waɗanda suka ƙi in taɓa iyayensu saboda launin fatata, amma wannan har yanzu ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafe mata, domin ta san sarai cewa bizata a hannun wurin aikin take.

Ranar zaman ina azumi, Ramadan ya riga ya kama. Aka shigar da ni ƙaramin ofis, manaja da wata mai rubutu, ga kofin ruwa an ajiye a gabana wanda ba zan sha ba, ga takarda an juyo mini ita in karanta. Da idona ya sauka kan kalmomin da aka jingina mini cikin alamar zance, kamar an naɗe su daga bakina, sai na ji harshena ya yi nauyi, Turancin da nake yi kullum ya gudu. Ba na tunanin komai sai kwana 60 ɗin nan da ake bai wa mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyin bizarsa idan aiki ya ƙare, da yarana da suka fara sabawa da makaranta, da bashin da muka ci kafin mu zo, da abin da zan gaya wa mahaifiyata. Manajar ba ta ɗaga mini murya ba, amma ta tambaye ni sau da yawa ko zan iya yi wa tsohon da ke da miji wanka ba tare da na nuna bambanci ba, ni da na shekara ina wanke kashin mutanen da ban taɓa tambayar tarihinsu ba. A bas ɗin komawa gida na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifina.

Abin da ya fitar da ni shi ne akwai mutum na uku a ɗakin a daren, wani nas wanda shi kansa namiji yake aure. Da aka tambaye shi, ya maimaita abin da na faɗa yadda na faɗe shi, bai ƙara ba bai rage ba, ya kuma ce tambayata aka yi. Kada ki ɗauka daɗin maganata ya ji. Ya daɗe ba ya sakar mini fuska, sai daga baya muka zauna ya gaya mini cewa ya yi makaranta a zamanin dokar 1988 da ta sa malamai tsoron ko ambaton irinsa a aji, wadda Scotland ba ta soke ba sai 2000, kuma har zuwa farkon shekarun 1980 abin laifi ne a dokar yankin. Ya ce idan mai neman shugabancin ƙasarsa ta ce da za ta ƙi amincewa da aurensa, alkawarinta na cewa ba za ta taɓa dokar ba bai isa ya sa shi barci ba. Ban bar abin da na yi imani da shi ba, shi ma bai bar nasa ba, amma tun ranar na daina ɗaukar cewa duk mai sukar Forbes addini yake yaƙa. Wasu tsoro ne na gaske yake sa su magana, kuma idan akwai irinsu a wurin aikinki, ki san cewa kunnensu a kan amsarki yake.

Game da ita gardamar, tunda za a sake tayar miki da ita, ga yadda nake gani. Tambayar da aka yi wa Forbes daidai ce, domin mai neman shugabanci shi zai riƙe alƙalamin doka, dole jama'a su san inda zai karkata. Amma ban yarda cewa faɗin abin da addininka ya koyar, tare da alkawarin kare haƙƙin da doka ta bai wa kowa, shi ne ƙiyayya ba, kuma kashi 48 cikin ɗari na 'yan jam'iyyar da suka zaɓe ta a zagayen ƙarshe ranar 27 ga Maris, Yousaf ya sami 52, ba za a ce dukansu maƙiyan wani ba ne. Ba ita ce ta farko ba. Tim Farron ya sauka daga shugabancin jam'iyyar Liberal Democrats ta Birtaniya a 2017 bayan an yi ta bin sa da tambayar ko neman jinsi ɗaya zunubi ne, ya ce ya kasa haɗa shugabancin siyasa da riƙon Kiristancinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai a lokacin shi ne yadda wasunmu a nan zauren suka riƙa fitar da Yousaf daga Musulunci saboda ya ce ba da addininsa yake kafa doka ba, a daidai makon da wasu Turawan ke zarginsa da cewa ɗan amshin shatan masallaci ne. Mutum ɗaya ana jifansa ta gaba da ta baya, mu kuma da ya kamata mu fi kowa sanin wannan matsi muka ƙara masa duwatsu. Su dai 'yan siyasa ne, sun nemi muƙami, suna da masu magana da yawunsu da lauyoyi. Ke ba takara kika tsaya ba, kuma babu wanda ya naɗa ki kakakin Musulmin duniya a ɗakin shan shayi.

Kina cikin ƙungiyar ƙwadago kuwa? Idan kina ciki, ki kira wakilinku yau, kada ki bari sai gobe. Idan zaman na ladabtarwa ne, doka ta ba ki damar zuwa da wakilin ƙungiya ko abokin aiki. Idan na bincike ne ba dole ba ne su yarda, amma ki roƙa a rubuce, da yawa suna amincewa. Idan ba kya ciki, ki kira Acas, hukumar da ke ba da shawara kan rikicin wurin aiki a Birtaniya, shawararsu kyauta ce, kuma ki shiga ƙungiyar duk da haka, ko da yake galibi ba sa ɗaukar matsalar da ta riga shigar mutum. 'Yan'uwa masu karanta wannan, don Allah ku daina ganin kuɗin wata-watan nan a matsayin asara, muna tura abin da ya ninka shi gida don biki ba tare da mun ji komai ba.

Kada ki sa hannu a rubutaccen bayanin zaman sai kin karanta shi a natse, kuma duk inda aka sa miki kalmar da ba taki ba ki ce a gyara, ko ki rubuta gyaran da hannunki a gefe. Dokar daidaito ta 2010 ta kare addini kamar yadda ta kare masu neman jinsi ɗaya, babu wanda za a hukunta don abin da ya yi imani da shi kawai, amma ana duba yadda aka faɗi magana, da inda aka faɗe ta, da ko ta muzanta wani. Saboda haka ki nanata cewa tambayarki aka yi, ki kawo shaidar yadda kike aiki da kowa. Idan a cikin zafin gardamar kin yi amfani da irin kalmomin da muke jifa da su a gida, to ki amsa, ki nemi afuwar wanda suka taɓa da zuciya ɗaya, domin zagi ba ya cikin abin da addini ya ɗora mana, kuma baki shi ke yanka wuya. Kada kuma ki yi ƙarya kan imaninki don ki tsira, ba a buƙatar haka, kuma ba za ki ji daɗin kanki ba bayan an tashi. Ki duba Facebook ɗinki da abin da kike turawa a WhatsApp ɗin ma'aikata, domin a nawa zaman sai da aka tambaye ni ko na taɓa rubuta wani abu a kai.

Ni dai an rufe maganar ba tare da an rubuta mini gargaɗi ba, aka tura dukanmu horo kan zama da mabambantan mutane, matar kuma ba a ce mata komai ba, har yau tana nan a muƙaminta. Na nemi a sauya mini duti don kada mu riƙa haɗuwa. Yanzu duk wanda ya tambaye ni Forbes ko Yousaf ko John Swinney, wanda ya gaji Yousaf a 2024, a wurin aiki, sai in ce ba na siyasa da addini a bakin aiki, in tashi in duba masu ƙararrawa.

Ki sanar da maigidanki tun yanzu, kada ki riƙe abin ke kaɗai, kuma ki ci abinci ki yi barci kafin ranar. Ki turo mini saƙo ta gefe da ranar zaman da garin da kike. Idan kusa da Glasgow ne zan raka ki har bakin ƙofa, idan kuma da nisa za mu zauna ta waya mu bi abin da kika rubuta layi-layi. Allah Ya fitar da ke lafiya.