Ƙaruwar filankton a tekunan ƙanƙara: alheri ne ko abin damuwa?

Tambaya: Malam, na ji an ce narkewar ƙanƙara a tekun Aktik, can ƙarshen arewacin duniya, ta sa ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani suna ƙaruwa. Tunda su ne abincin kifi, ashe wannan ba alheri ba ne? Kuma mu da ke Kano, nesa da teku, ina ruwanmu? Daga wani mai karatu a unguwar Gwale.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai labarin bai ƙare a nan ba. Waɗannan ƙananan halittu ana kiransu filankton, kuma iri biyu ne: masu kama da tsiro, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana, da kuma ƙananan dabbobi masu cin su. Idan ka taɓa lura da ruwan kududdufi ya koma kore shar bayan damina, to ka ga danginsu. Na teku kuwa su ne ke samar da kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa.

Yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin ɗumamar duniya tun daga 1979, kuma da ƙanƙara ta ja baya sai haske ya sami hanyar shiga ruwa na tsawon watanni fiye da da. Masu bincike na Jami'ar Stanford da ke Amurka sun auna cewa abincin da filankton ke samarwa a wannan teku ya ƙaru da kashi 57 cikin ɗari tsakanin 1998 da 2018.

Inda gizo ke saƙar shi ne wane iri ne ke ƙaruwa, kuma a wane lokaci. Ginshiƙin abinci a ruwan sanyi shi ne dayatom, wani filankton mai kama da tsiro, mai ɓawo irin na gilashi, mai yawan mai. Idan ƙanƙara ta narke, ruwanta marar gishiri yakan kwanta a saman ruwan gishiri saboda ya fi shi sauƙin nauyi, sai ya hana sinadaran gina jiki da ke ƙasa tasowa sama. A irin wannan ruwa, kamar yadda aka gani a arewacin Kanada, filankton mafi ƙanƙanta ne ke cin kasuwarsu, su kuwa ba sa ƙosar da dabbobin da suka saba da dayatom, kuma ba sa nutsewa da kabon, sinadarin da ke cikin iskar da ke ɗumama duniya, zuwa ƙasan teku da sauri kamarsa. A tekun Barents da ke arewa da Norway da Rasha, ruwan Atlantika mai ɗumi yana kutsawa arewa ɗauke da ƙwarin ruwa na jinsin Calanus waɗanda kitsensu bai kai na 'yan asalin Aktik ba. A ganina wannan ya fi komai tayar da hankali, domin da wannan kitsen ne kifi da tsuntsaye ke ƙetare watannin hunturu da rana ba ta fitowa a yankin. Haka kuma idan filankton suka yi toho da wuri, ƙananan dabbobin da ke ƙyanƙyashewa a lokacin da suka saba za su tarar abinci ya wuce.

A kudu ma, a gabar yammacin zirin ƙasar da ya miƙe daga nahiyar Antaktika, an lura dayatom na raguwa a wasu wurare, alhali shi ne abincin kiril, ɗan jatan landen da kifayen whale da tsuntsayen penguin suka dogara da shi.

Game da Kano, ka duba kwalayen kifin ƙanƙara da ake saukewa a Sabon Gari. Titus da shawa da yawa daga arewacin Atlantika ake kawo su, daga ƙasashe irin su Norway, kuma ƙwarin Calanus na cikin manyan abincinsu. Tun wajen 2007 titus ya bazu zuwa ruwan Iceland, abin da ya jawo doguwar taƙaddama kan rabon kamun kifi tsakanin ƙasashen yankin. Duk abin da ya canza wurin kiwon kifin nan ko ƙibarsa, yana iya bayyana a farashin da mai soya kifi a bakin titi za ta biya.