Amsa: Ta ina za mu fara taimakon masu ciwon daji?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ku 'yan ƙungiya ne a Rigasa kuna son taimaka wa mata marasa ƙarfi masu ciwon daji amma kuɗinku kaɗan ne. Allah ya saka da alheri.

Gaskiya ba sai kun biya kuɗin magani ba. Ku fara da rakiya, da yawa daga cikin matan nan kuɗin motar zuwa asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibitin koyarwa na ABU a Shika shi ke hana su komawa, wata kuma ta je amma ba ta gane bayanin likita ba ta dawo da takardun gwaji a leda ta tura ƙarƙashin katifa. A samu mai karatu ta bi ta, ta rubuta ranar komawa. Ku yi magana da maigida da uwar miji tun farko, in ba su yarda ba tafiyar ba za ta yiwu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar nan wai daji ba ya son ƙarfe ko allura, sai a yi ta shafe-shafe har nono ya fashe. Don Allah duk ƙullutu a kai wa likita, ku kanku kar ku ba da magani. Kar kuma a saka hoton mara lafiya a Facebook ba da izininta ba.

A Shika ku nemi ofishin walwalar marasa lafiya, ku tambayi asusun tallafin ciwon daji na gwamnatin tarayya, ya shafi na nono da bakin mahaifa da mafitsarar maza (prostate).